Tsohon keke a Nottingham da Kano: inda tsadar take ɓuya

Duk wanda ya ce maka tsohon keke ya yi ƙaranci a Ingila bai leƙa bayan gidajen mutane ba. Kekuna suna nan jibge a gareji da rumfunan ajiye tarkace, wasu sun shekara goma ba a hau su ba, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa. Abin da ke wuyar samu shi ne keken da zai karɓi gyara, a kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya, a daidai lokacin da kowa ke nemansa.

A Nottingham nake zaune, kuma a ƙarshen mako nakan taimaka a wani ɗan shagon sa-kai inda muke tattara tsofaffin kekuna mu gyara. Mafi yawa masu neman mafaka muke ba wa. Kuɗin da gwamnatin Birtaniya ke ba mai neman mafaka bai kai fam 50 a mako ba, kuma galibinsu doka ta hana su aiki. Idan mutum zai biya kuɗin bas kullum zuwa ajin koyon Turanci ko masallaci ko ofishin lauya, to abincinsa ya taɓa. Keke ne ke raba wannan gardama. Saboda haka kullum cikin neman keke muke, kuma kullum jerin masu jira ya fi abin da ke hannunmu tsawo.

Abin dariyar shi ne wannan gari ne mahaifar Raleigh, keken da iyayenmu suka riƙa yi wa ado da ledoji masu launi da madubi biyu. A nan kamfanin ya tashi a ƙarshen shekarun 1880, a nan aka yi ta buga tambarin nan mai kan zalɓe, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa har ta kai ana haɗa shi a Kano. Tun 2002 aka daina haɗa keke a Nottingham. Wani ɓangare na filin masana'antar yau harabar jami'a ce, wadda aka buɗe a 1999. Ɗalibanmu na gida da ke zuwa karatu suna takawa a kan filin da aka ƙera keken kakanninsu, su kuma suna ta laluben na hannu a Facebook, ana ce musu an riga an sayar.

Wahalar ta fi tsanani a 2020. Da aka kulle gari saboda korona, mutane suka guji bas da jirgin ƙasa, wuraren motsa jiki suka rufe, kowa ya tuna da keke. Shagunan sababbi suka zama wayam cikin makonni. Masana'antun Asiya sun tsaya na wani lokaci, kayan gyara irin na kamfanin Shimano sai an yi wata da watanni ana jira, kuɗin dakon kwantena ya yi tashin gwauron zabi, sannan a Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez na kwana shida. Gwamnati ta fito da takardar tallafin fam 50 don gyaran keke, ranar da aka buɗe rajista a watan Yulin 2020 shafin ya ƙi buɗuwa saboda cunkoso. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce mutanen da a da suke kawo mana tsohon kekensu kyauta sun ciro shi sun gyara wa kansu, ko sun saka shi a kasuwa. Daga baya abin ya juya. Kamfanoni sun yi odar da ta wuce kima, kaya suka iso bayan zazzaɓin ya sauka, zuwa 2023 manya irin su Wiggle a nan da VanMoof a Holan suka durƙushe. Sabon keke ya yi sauƙi, amma tsoho mai nagarta bai koma inda yake ba, domin masu nemansa sun ƙaru.

Su wa muke takara da su? Akwai ɗalibai, da ke kwararowa a watan Satumba. Akwai masu kai abinci gida-gida, waɗanda ke neman tsohon keken hawan dutse mai ƙarfi su liƙa masa batir da inji. Akwai kuma masu sha'awa, mutane masu albashi mai kauri da suka gano cewa keken ƙarfe na shekarun 1990 ya fi na yanzu daɗin hawa, suna saye su kwance su sake fenti su ɗora hotonsa a Instagram. Ba na jin haushinsu, ni ma hannuna na ƙaiƙayi idan na ga irin wannan keke. Amma duk mu huɗun ƙarfe ɗaya muke bi, kuma mai neman mafaka ne ƙarshen layi.

Inda bambancin nan da gida ya fi fitowa shi ne wajen gyara. A Ingila ƙarfen kusan banza ne, hannun mai gyara ne tsada. Mafi ƙarancin albashi ya haura fam 12 a awa, kuma shago sai ya ɗora kuɗin haya da wuta da haraji a kai. Idan tayarka ta yi faci ka kai shago, ba wanda zai tsoma tiyub a ruwa yana neman inda kumfa ke fita. Cirewa za a yi a jefar, a sa sabo. Keken da ka saya fam 30 yana iya cin ninki uku na kuɗinsa kafin ya hau titi, shi ya sa mai shi ke gwammace ya kai shi juji. A Kano kuwa ƙarfen ne tsada. Mai gyaran keke a gindin darbejiya, da famfonsa da kwanon ruwa da gwangwanin giris, zai yi wa tiyub faci a kan faci, ya miƙe ƙafar da ta karkace ta hanyar ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya zuba sabon boris, idan ƙarfe ya tsage ya tura yaro wurin mai walda. Abin da zai karɓa bai taka kara ya karya ba. Keken da Bature ya yanke wa hukuncin juji, wannan bawan Allah zai ƙara masa shekara goma. Mu a shagonmu abin da kawai ke sa lissafi ya fita shi ne ba a biyan kowa. Ranar da aka ce a biya mu ladan awa, ranar za mu rufe.

Saboda haka idan na ji wani yana murnar ya samu keke da araha a nan, tambayar da nake yi ita ce wane iri. Araha ba ta ado. Akwai wasu kekuna da ake sayarwa a manyan kantuna da shafukan intanet, masu ƙyalƙyali, da sifirin gaba da baya da giya 21. A ido ka ce na tsere ne. Ƙarfensu nauyi, birkinsu ba ya zama a saiti, kusoshinsu suna cinyewa da zarar ka sa sifana. Su suka fi yawa a cikin abin da ake ba mu kyauta, kuma su ne muke ciro taya da sirdi mu kai sauran wurin masu sayen ƙarfe. Wanda nake so shi ne mara kwalliya: gangar jiki ta ƙarfe ba tsagewa ba lanƙwasa, ƙafa mai inci 26, birki na waya, ba sifirin. Tsatsar sama ba ta dame ni ba. Abu biyu nake fara dubawa, ko sandar sirdi tana motsi ko ta manne da jiki, da kuma ko ƙahon gaba ya koma baya alamar an yi karo. Idan waɗannan lafiya, sauran duk aikin yamma ɗaya ne.

Lokacin saye ma rabin ciniki ne. Wanda ya fita neman keke a Satumba, ko farkon bazararsu da rana ta fara fitowa, ya shiga kasuwa ranar da kowa ya shigo. A watan Yuni da Yuli ɗalibai ke kwashe kaya, da yawa su bar kekunansu ɗaure a harabar makaranta. Jami'o'i sukan liƙa musu takardar gargaɗi, idan wa'adi ya cika a yanke makulli a ba ƙungiyoyin agaji. Sai kuma tsakiyar hunturu, lokacin da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu, ba mai sha'awar hawa, mai gida kuma yana son fili a gareji. A ƙauyukanmu ma na san haka abin yake, sai dai da kaka ne kuɗi ke shiga hannun manomi farashi ya ɗaga, gab da damina kuma mai neman kuɗin taki ya fito da nasa. Matsalar ita ce sayen hunturu yana bukatar wurin ajiya, kuma a Ingila wurin ajiya kuɗi ne. Hanyar da ta fi yi mana amfani ba intanet ba ce ma. Sanarwa ce bayan sallar Juma'a, da 'yar takarda a allon coci da na makarantar firamare. Mutumin da ba zai ɓata lokacinsa yana ciniki da baƙo a kan fam 20 ba, da murna zai ba ka idan ya san inda keken zai je.

Sai batun sata, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da bukata ta ƙaru. Keke mai tsada a farashin banza, mai sayarwa ya ce a haɗu a bakin tasha da dare, bai san ko girman keken ba: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A nan kowane keke yana da lamba a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, kuma akwai rajistar BikeRegister da 'yan sanda ke amfani da ita, kyauta ake duba lambar. A gida dillali ne rajistar. Ya san mai keken, ya san unguwarsu, idan magana ta taso shi za a fara kamawa, la'adarsa kenan yake ci. Ban ga wanda ya fi wani ba, sai dai na gida yana aiki ne muddin ana sanin juna, kuma birni irin Kano ya wuce nan. Ga wanda takardunsa na zama ke hannun hukuma, a kama shi da keken sata ba ƙaramar masifa ba ce, don haka ba ma karɓar keken da aka goge lambarsa ko da kyauta ne.

Gida kuma namu zazzaɓin ya zo ne a 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutanen da suka yi watsi da keke tun zuwan babura masu araha na China suka dawo nemansa, har da ma'aikata masu mota. A 2001 da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce a koma hawa keke dariya aka yi masa, musamman da mota ta ture shi a Abuja. Yanzu ba mai dariya. Sai dai a daidai lokacin ne aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka rufe iyakoki, hanyar kayan gwanjo ta Kwatano zuwa Maraɗi ta tsaya. Masu nema sun ƙaru, kaya sun ragu, kuɗin sun lalace. Zazzaɓin Ingila ya wuce cikin shekara uku saboda annoba ce ta kawo shi. Na gida yana tare da farashin mai, ban ga ranar saukarsa ba.

Wannan ne ke sa duk zaman da 'yan uwa mazauna nan suka yi sai wani ya ce a haɗa kwantena a aika wa 'yan makaranta a ƙauye. Niyyar tana da kyau, kuma ana yi. Ƙungiyar Re-Cycle ta Ingila ta aika kekuna fiye da 100,000 zuwa Afirka, kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar sama da 400 idan an cire feda an juya kai. Amma ku lura da yadda masu yin abin da gaske suke yi. Village Bicycle Project a Ghana ba rabawa kawai suke yi ba, suna sayarwa da rangwame, su koya wa mai keken gyara, su horar da makanikai, su kai kayan aiki. World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta ƙare ne da ƙera nata keken mai suna Buffalo, wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100, domin hanyar ƙauye da buhun masara ba su san ƙyalƙyali ba.

Ni ra'ayina, idan ba mu shirya tantancewa ba, kada mu aika. Keken tsere mai siririyar taya ba zai yi mako a yashin Ɓaɓura ko Magarya ba. Mai birkin da ke aiki da mai, ranar da ya tsiyaye ya zama ado. Girman ƙafa kaɗai ya isa ya kashe aikin: tsohon Raleigh da Phoenix inci 28 ne, kuma tayarsu ba ta shiga ƙafar kekunan Turai na yanzu duk da kusancin girman, ga kuma tsofaffin Ingila masu inci 27 da su ma nasu daban ne. Yaron da aka ba keken da ba a sayar da tayarsa a kasuwar garinsu, an ba shi abin hawa na wata shida. Ƙara da kuɗin jirgi, da kwastan, da fito daga tashar Legas, da mota zuwa Arewa, sai ka raba da yawan kekunan da za su rayu, ba yawan da aka loda ba.

Da za a bi tawa, kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka tara a ware shi tun farko don taya da tiyub da sarƙa da robar birki, da ladan mai gyara guda a garin da za a kai, wanda shi za a tura wa hotuna ya ce wannan a kawo, wannan a bari. Masu inci 26 na ƙarfe su tafi. Sauran su zauna a nan, inda akwai kwalta da kayan gyaransu, akwai kuma jerin masu jira da har yanzu ba mu kai rabinsa ba.