Wane mai gida kuma, Alhaji?

To jama'a, mitin ɗin jiya na masu hannun jari a gininmu da ke Bronx, New York, an sake ɗage shi saboda mutane ba su cika ba, amma yau tun asuba guruf ɗin WhatsApp ya cika da lauyoyi da injiniyoyi. Masha Allah. Mutumin da ya kasa saukowa daga hawa na huɗu, da lifta fa, shi ne ya turo mana murya ta minti tara wai mai gida ya ƙara kuɗi. Wane mai gida Alhaji? Kai ne mai gidan!

Ranar da ka sa hannu a takardu ba haya ka kama ba, hannun jari ka saya a kamfanin da ya mallaki ginin, kuma kamfanin nan mu ne. Tukunyar ɗumama gida taka ce, rufin da ke yoyo naka ne, bashin banki ma da naka kason a ciki. Kuɗin da kake biya duk wata da shi ake biyan haraji da inshora da mai gyara, ba wani Bature ne zaune a Manhattan yana ƙirga su ba.

Kuma gyaran bangon nan da ake ta hayaniya a kai ba 'yan kwamiti ne suka ƙirƙiro shi ba. Dokar New York ce, duk ginin da ya haura hawa shida sai injiniya ya duba bangonsa na waje duk shekara biyar, asalinta tun 1979 da ɓaraguzan gini suka faɗo kan wata ɗaliba suka kashe ta. Gininmu ya kusa shekara 90 a kan titin Grand Concourse, ku ɗaga kai ku kalli tsagewar da ke saman tagar kicin ɗina, yatsana yana shiga.

In an ce a zo mitin, wai "ina aikin dare". Akwai takardar wakilci da za ka ba wani ya tsaya a madadinka, an zura maka ta ƙarƙashin ƙofa, sa hannu kawai. Wai "Turancin nasu da sauri". Haba. Ranar da aka ba ka tikitin fakin ai da Turancin ka yi rigima har ka ci. Suna ko walima kuwa har ƙarfe biyun dare muna nan da babbar riga, ba mai cewa gobe da aiki.

Wallahi ba don in ci mutuncin kowa nake faɗa ba. Nan Bronx ɗin, gefen Van Cortlandt Park, ma'aikatan ɗinki ne suka haɗa kuɗinsu suka gina gidajen haɗin gwiwa na Amalgamated a 1927, yawancinsu baƙin haure irinmu. Tsohuwar da ke ƙasa da ni da sanda take tafiya, amma jiya ita ce ta fara zuwa, da fayil ɗinta a hammata. Kunya ta kama ni da ta tambaye ni ina mutanenku. Gida namu, mu bar wasu suna yanke mana hukunci, sannan mu zo muna cewa ana mana wariya?

Af, kuma duk wanda ya bar bargonsa cikin injin busar da kaya tun Asabar ya zo ya ɗauka, yana kan tebur. Mai hoton damisa ne.