Grand-Popo: kuɗi da Turanci, hidima da Faransanci

Wallahi masu otal-otal ɗin Grand-Popo, garin bakin teku a Jamhuriyar Benin, sun ci amanar baƙi. Duk wanda ya leƙa shafinsu na intanet zai rantse a Landan ma'aikatansu suka yi karatu. Da Turanci na kama ɗaki, da Turanci aka turo mini shaidar biya. Ina isa teburin karɓar baƙi Turancin ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Yarinyar da ke wurin murmushi kawai take zuba mini, ta miƙo takarda cike da Faransanci, ta nuna inda zan sa hannu.

Kar wani ya ce mini ai Benin ƙasar renon Faransa ce. Na sani. Ba na tsammanin masuncin da ke jan taru a bakin teku ya yi mini Turanci, shi da harsunan Xwla da Mina ya tashi, ba abin da ya haɗa shi da ni. Da wanda ya buɗe otal nake. Garin nan kusan kilomita 85 ne daga Kwatano, kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta ratsa Seme ta wuce Lome ta nufi Accra. Najeriya a gabas, Gana can bayan Togo, motocinsu na wucewa ta ƙofarka dare da rana. A ce ba za ka iya ɗaukar yaro ɗaya tak mai jin Turanci ba?

Abinci ya fi ba ni wahala. Ni Musulmi ne, tambayata ɗaya ce: akwai naman alade ko giya a cikin miyar nan? Na faɗa, na maimaita, na rubuta a waya ta fassara, intanet ɗin otal ta tsinke a tsakiya. Mai kawo abincin ko me na ce sai ya gyaɗa kai. Da alade? Ya gyaɗa. Babu alade? Ya gyaɗa. Haka na ƙare a kan gasasshen kifi da burodi safe da yamma, ga takardar abinci shafi-shafi a gabana ina kallo kamar laya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tekun wurin ba na wasa ba ne, igiyar ruwa na jan mutum ciki da ƙarfin gaske, 'yan gari sun san haka sarai. Gargaɗin kuwa a ɗan allo ɗaya yake, fenti ya koɗe, Faransanci zalla. Na ga wasu iyali daga Ibadan, yaransu sun ruga sun shiga ruwa har gwiwa, sai da wani dattijo ya bar ragarsa ya sheƙo yana ihu yana ɗaga hannu. Zanen mutum a ruwa da jan layi a kansa nawa zai ci?

Amma fa in an zo lissafi, kowa ya iya magana. Mai kwalekwalen da zai kai ni Bouche du Roy, inda kogin Mono ke shiga teku, da ya ji daga ina nake sai ya rubuta farashi a kan yashi, ya kalli takalmina, ya goge, ya rubuta wani. Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ma haka.

Mu ma gwamnatinmu ba ta wanke ba. Tun 1996 Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, ga mu har yau gaisuwa kaɗai muka iya.

Wanda ya fid da ni wani mai tsire ne ɗan Nijar a bakin titi. Na ji yana waya da Hausa, na yi sallama. "Alhaji, ai da ka zo wurina tun farko," in ji shi. Ya bar yaronsa a kan wuta, ya raka ni otal, ya karanta takardar da na sa wa hannu. Ashe kuɗin karin kumallo daban ne, kuma kullum ana rubuta mini shi, ni da ban taɓa sanin ana yi ba. Ya yi ta fama da su, suka ce sai manaja. Manaja kuma ya tafi Kwatano.