Tambayar da ake yi bayan mai neman aiki ya fita

Jama'ar Tawa, akwai maganar da muka saba yi ƙasa-ƙasa, yau zan yi ta a fili. A ma'aikatunmu ba takardar karatu kaɗai ake dubawa ba. Mai neman aiki na fita, sai wani ya sunkuyo ya ce, "Wai ɗan gidan wa ne?" In aka ce kakanninsa maƙera ne ko mahauta, ko aka yi raɗa cewa asalinsu bayi ne, aiki dai yana iya samu, amma kujerar shugabanci sai dai ya hange ta daga nesa. In kuwa mace ce, kaya ya zama biyu.

Na yi aiki da wata baiwar Allah wadda duk lissafin biro a hannunta yake. Samarin da aka ɗauko, ita ke zaunar da su ta nuna musu yadda ake cika takardu, ta gyara musu kuskure da jan alƙalami ba tare da ta kunyata kowa ba. Kafin ka ankara, su ne shugabanninta. A wurin taro ita ake waiwaya a ce, "Madam, a samo mana ruwa." Da gurbi ya buɗe ta nema, darakta ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, kin san garin nan, mutanen ba za su bi umarninki ba." Ba mace kawai yake nufi ba, kuma ta gane. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Kar wani ya ce babu doka. Dokar aiki ta 2012 ta hana ware ma'aikaci saboda jinsi, launin fata ko asali. Tun 2003 bauta ta zama laifi a Nijar. Hadizatu Mani, ɗiyar wannan jiha tamu, an sayar da ita tana da shekara 12, ta kai ƙasar gaban kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi nasara a 2008, aka yanke a biya ta sefa miliyan 10. Mata kuma ba roƙo suka yi ba: ranar 13 ga Mayu 1991 sun cika titunan Yamai don a dama da su a shirin taron ƙasa, daga baya dokar kaso ta 2000, mai tabbatar wa mata kaso a muƙamai, ta zo.

Matsalar ita ce wannan wariya ba ta barin shaida. Ba wanda zai rubuta "asali" a takardar hana ƙarin girma, kamar yadda ba a rubuta cewa an ƙi amarya don gudun hutun haihuwa na mako 14.

Don haka nake kira ga ƴan sandika da sufetocin aiki: duk gurbin da ya buɗe a manna shi a bango tare da sharuɗɗansa, wanda aka hana kuma a ba shi dalili a rubuce, da sa hannun wanda ya hana.