Taron gyara rayuwa na taurari: ana sayen zumuɗi, a koma gida da laifi

A watan Mayun 2025 kamfanin WeightWatchers na Amurka, mai sayar da tsarin rage ƙiba, ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi, bashin da ya haura dala biliyan ɗaya. Shafukan kasuwanci suka ba da labarin, kowa ya kama gabansa. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya waiwayi dubban mutanen da wannan kamfani ya tara a manyan zauruka shekara biyar kafin nan, aka ce musu mabuɗin lafiyarsu yana cikin niyyarsu.

Daga Janairu zuwa Maris na 2020 Oprah Winfrey, shahararriyar mai gabatar da shirin talabijin, ta zagaya biranen Amurka 9 da taron gyara rayuwa na yini guda. WeightWatchers ne ya ɗauki nauyi, kamfanin da ta sayi kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa a 2015, take kuma zaune a hukumar daraktocinsa. Akwai kiɗa da motsa jiki, akwai zaman shiru, akwai littafin da kowa zai rubuta burinsa a ciki, sannan hira da wani babban suna irin su Michelle Obama ko Dwayne Johnson. A Disamban 2023 Oprah ta bayyana cewa tana amfani da maganin rage ƙiba. Wata biyu bayan haka aka sanar za ta bar hukumar kamfanin.

Shan magani ba abin kunya ba ne, kuma ta kyauta da ta faɗi gaskiya. Amma abin da ya yi mata aiki a ƙarshe yana buƙatar likita da takardar magani da kuɗin saya. Ba a raba shi a zauren taro. Matar da ta biya kuɗin tikiti, ta cika littafinta, ta koma gida jikinta bai sauya ba, kanta ta zarga. Wannan ita ce cutar da irin waɗannan tarurruka ke yi: in an dace a yabi tauraro, in ba a dace ba a ce kai ne ba ka sa zuciya ba.

Yadda ake haɗa taron ma ba ɓoyayye ba ne. Ana riƙe mutane tun safe har dare, a cika zaure da kiɗa mai ƙarfi, a sa su tashi su yi tsalle, su rungumi na kusa da su, su maimaita kalma ɗaya da babbar murya. Daga nan a rage haske, a ce kowa ya rufe ido ya tuna abin da ya fi ci masa rai. Mutum ya gaji, yunwa ta kama shi, ga dubban mutane suna hawaye a gefensa, dole zuciya ta narke. A daidai wannan lokaci ne ake tallan mataki na gaba, wanda ya fi tsada, da rangwamen da ake cewa zai ƙare kafin a tashi. Zumuɗin gaskiya ne, sai dai kwana nawa zai yi? Ranar Litinin bashin yana nan, maigidan wurin aikin yana nan, hawan jinin yana nan.

Dubi tafiya a kan garwashi, wadda Tony Robbins, wani Ba'amurke mai shirya irin waɗannan tarurruka, ya yi suna da ita. Ana shimfiɗa garwashi tsawon 'yan taku kaɗan, a ce da mahalarta ƙarfin zuciyarsu ne zai kare tafin ƙafarsu. Duk matar da ta taɓa ɗebo wuta a maƙwabta, ta tsinci garwashi da yatsa ta jefa a kasko, ta san sirrin. Gawayi ba ya miƙa zafi da sauri kamar ƙarfe, tokar da ta lulluɓe shi tana ƙara tarewa, kuma ƙafa ba ta daɗewa a wuri ɗaya. In ka tsaya, ka ƙone. In ka ruga da gudu, ƙafarka ta nutse ta tono jan garwashin ƙasa. In ɗan guntu ya maƙale tsakanin yatsu, zai ci gaba da cin nama har sai an zuba ruwa. Ka shimfiɗa farantin ƙarfe mai zafi iri ɗaya, babu niyyar da za ta ceci kowa. A San Jose a 2012 mutum 21 suka ƙone a taron Robbins. A Dallas a 2016 an duba fiye da 30, aka kai biyar asibiti.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a kusa da Sedona ta jihar Arizona a Oktoban 2009. James Arthur Ray, wanda ya shahara bayan fitowa a manyan shirye-shiryen talabijin har da na Oprah, ya karɓi sama da dala 9,000 daga kowane mutum. Bayan sa'a 36 ba ci ba sha a daji, ya shigar da mutum fiye da 50 wata rumfa da aka rufe ruf, ana shigo da duwatsu masu zafi ana kwara musu ruwa, na kusan sa'a biyu. Jikin da ruwa ya ƙare masa ba ya iya yin isasshen gumi, tururi kuma yana hana gumin da ya fito bushewa. Da zarar zafin cikin jiki ya haura digiri 40, sai ruɗewa da amai da suma. Waɗannan alamu ne na a fitar da mutum nan take a sanyaya shi. A can kuwa an riga an gaya musu za su ji kamar za su mutu, su daure. Mutum uku suka rasu. A 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta ɗaure shi shekara biyu.

Masu kare wannan sana'a za su ce ai ko ba komai mutum ya samu ƙwarin gwiwa. Ƙwarin gwiwar da ke koya wa mutum ya ƙaryata gargaɗin jikinsa ba alheri ba ne, kuma ba a gina rayuwa a kan daren ihu ɗaya.

Kada wani ya ce abin Amurka ne can nesa. Tun 2020 Robbins ya fara gudanar da tarukansa ta intanet, ma'ana matashi a Kano ko Maraɗi mai katin banki da data zai iya shiga daga ɗakinsa. Kuma salon yana da saurin yaɗuwa: sanannen fuska, zauren otal, tikiti hawa-hawa, alkawarin sabuwar rayuwa kafin magariba. Yawan mabiya a Instagram ba shaidar karatun likitanci ba ne. Wanda damuwa ta danne, ko mai ciwon sukari, ko wadda aure ya mutu mata jiya, su ne suka fi saurin biya, su ne kuma suka fi shan wahala idan wutar ta mutu.

Ya kamata hukumomin kare masu saye su sa ido a kan duk taron da ya ambaci warkarwa ko lafiya, a tilasta wa mai shi ya bayyana takardunsa da kamfanin da ke bayansa. Mai niyyar zuwa kuma ya tambaya tun kafin ya biya: wa ya ɗauki nauyi, me za a sayar mini a ciki, akwai ma'aikacin lafiya a wurin, kuma in na ce zan fita a tsakiyar taro za a buɗe mini ƙofa?