Layar Kalmomi Goma Sha Biyu

A shekarar 2024 ne cutar danna waya ta mamaye Kaduna, har ta kai idan mutum ya shiga Keke Napep daga Kawo zuwa Kasuwar Barci, zai iske fasinjan damansa da na hagunsa kowa ya sunkuyar da kai yana dukan fuskar waya da yatsu huɗu, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ce maka mainin yake yi, wato haƙar kuɗin intanet da ake kira kirifto. Ni da na shafe shekaru ina aikin lissafin kuɗi a wata ma'aikata, na ga bai dace da furfurata in zauna ina buga waya a bainar jama'a ba, amma kuma ban ga dalilin da zai sa yara su yi arziki a gabana ina kallo ba. Saboda haka na aika aka kira mini ɗan yayata, wanda ke karatun kwamfuta, na ce ya yi mini bayanin abin daga tushe.

Yaron ya ce, "Kawu, wannan da suke yi a Telegram wasa ne, maki ake tara musu da alƙawarin wata rana za a mayar da shi kuɗi. Haƙa ta gaskiya daban take." Ya ce tun da aka fara kuɗin intanet na Bitcoin a watan Janairun 2009, injina ne a faɗin duniya suke tseren cankar wata lamba, kuma kusan duk minti goma ɗayansu yakan dace, sai a ba shi damar rubuta sabon shafi a kundin ciniki, a biya shi lada. Ladan kuwa ana rage shi da rabi bayan kowane shafi 210,000, wato kusan duk shekara huɗu, kuma tun watan Afrilun 2024 ya koma Bitcoin 3.125, ga shi gaba ɗayan abin da za a taɓa haƙowa ba zai wuce miliyan 21 ba. Na tabbata ya ƙara da wata magana a kan irin injin da ake bukata, to amma a lokacin hankalina ya riga ya tafi wajen filin da zan saya a Millennium City, har ina tunanin ko bene zan ɗora.

Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da na saya a gwanjo, wadda yara suka daɗe da mayar da ita wurin ajiye littattafai. Na kakkaɓe ta, na kafa ta a ɗakin baƙi, na sauke manhajar haƙa, na shiga ɗaya daga cikin haɗakar mahaƙa da ake raba lada gwargwadon ƙarfin injin kowa, sannan na kafa doka cewa kada wanda ya taɓa soket ɗin. Fankar cikinta ta ɗauki wani irin kuka da ya sa maƙwabcinmu ya aiko ɗiyarsa da roba cike da wake, yana cewa ya ji mun sa injin markaɗe. Ɗakin ya ɗauki zafi, mitar gida ta shiga cin yunit ba ƙaƙƙautawa, uwargida kuma ta fara yi mini tambayoyin da ba su da alaƙa da ilimin zamani. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai in ji zuciyata ta yanke, ina ƙiyasta miliyoyin da suka wuce ni a cikin duhu. Abin da allon ya ci gaba da nuna mini shi ne sifili, ɗigo, sannan sifilai takwas a jere, domin Bitcoin ɗaya ana karkasa shi gida miliyan 100, kuma ko gida ɗaya daga ciki kwamfutata ba ta samu ba.

Da yaron ya dawo ya ga abin da na kafa, sai da ya fita tsakar gida ya gama dariyarsa, saboda yana da tarbiyya. Ya ce an yi shekaru da daina haƙar Bitcoin da kwamfutar gida, yanzu sai da injina na musamman da ake kira ASIC, kuma Ethereum ma, wani kuɗin intanet ɗin da a da ake haƙa da katin hoton kwamfuta, ta rufe wannan ƙofa tun Satumban 2022. Ya kawo misalin injin Antminer S19, wanda ke jan kusan wat 3,250. A nan ne sana'ata ta motsa, na ɗauki biro: awa 24 yunit 78 ke nan, kuma tun Afrilun 2024 yunit ɗaya a layin Band A, na unguwannin da suka fi samun wuta, ya haura naira 200, wato sama da naira 15,600 a kowace rana, kusan rabin miliyan a wata, ba a yi maganar kuɗin injin ba, ba a yi ta dizal ba idan wuta ta tafi yawonta. Na rufe biron, na kashe kwamfutar, na kuma sanar da iyali cewa binciken da nake yi ya kammala cikin nasara.

Sai aka koma shawarar saye. Yaron ya ce Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disamban 2023, kuma a Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta fara bai wa wasu dandalin canji na cikin gida izinin wucin gadi, don haka in nemi mai rajista, in rabu da duk wanda ya ce zai ninka mini kuɗi a mako guda. Buɗe asusun ya bukaci lambar NIN da hoton fuska mai motsi, inda waya ke umartar mutum ya ƙifta ido, ya juya dama, ya juya hagu, ya buɗe baki. Ina cikin wannan hali a zaure limamin unguwarmu ya yi sallama, ya tsaya yana kallona ina ƙifta wa waya ido, ya ce zai dawo an jima, kuma har yau bai tayar da maganar ba. Na sayi USDT, wani kirifto da ke bin farashin dalar Amurka, na naira dubu tamanin, daga wani mai sayarwa da dandalin ya riƙe kayansa a tsakani har sai da ya tabbatar kuɗina sun shiga asusunsa.

Da na ce to shi ke nan, sai yaron ya ce da saura. Muddin kuɗin suna dandali, ajiya ce a hannun wani, kuma dandalin FTX da ya rushe a Nuwamban 2022 ya rufe da kuɗin mutane masu ɗimbin yawa, wasu sai da suka yi shekaru suna jiran kotu. Ya buɗe mini walat tawa ta kaina, wato manhajar ajiyar kirifto a waya, ya nuna mini cewa USDT yana tafiya a kan layuka daban-daban, adireshin layin Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum kuma da 0x, kuma wanda ya aika ta layin da bai dace ba, babu manajan banki da zai je ya yi wa kuka. Muka fara aika ɗan kaɗan don gwaji, ya isa, sannan muka aika sauran.

Daga nan ya gyara zama, ya rage murya, ya ce in ɗauko takarda. Walat ɗin ta nuna kalmomin Turanci goma sha biyu, kowace da lambarta, waɗanda aka zaɓo daga wani jeri mai kalmomi 2,048. Ya ce, "Kawu, waɗannan su ne kuɗin. Ko wayar nan ta faɗa Kogin Kaduna, da su za ka dawo da komai a wata wayar. Wanda duk ya gan su kuma, shi ma zai iya, daga ko'ina yake a duniya. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka ajiye su a imel, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya kira ya ce daga kamfanin yake, domin babu kamfanin gaskiya da ke tambayar su." Ya ba ni labarin wani Bature a garin Newport na ƙasar Wales, wanda faifan kwamfutarsa mai ɗauke da makullin Bitcoin kusan 8,000 ya tafi juji a 2013, ya yi shekaru yana roƙon hukumar garin ta bar shi ya tona bola, ba a bar shi ba.

Wannan karon na saurara da kunne biyu, kuma ina ganin babu wanda zai zarge ni da sakaci. Na yi tunanin maƙiyan takarda a gidan Bahaushe: gara, ruwan damina, ɓera, da yaron da aka aika ya samo abin kunna gawayi. Saboda haka na rubuta kalmomin da tawada mai kyau, na ninke takardar ƙanana-ƙanana, na naɗe ta a leda, na kai wa wani baduku ya ɗinke mini ita cikin jar fata, ya kuma sa mata 'yar igiya don sauƙin ratayewa. Na rataye ta a wani ƙusa da ke bayan kwabar ɗakin uwargida, bisa hujjar cewa ɓarawo ɗakin maigida yake fara bincikawa. Ban gaya mata ba, tunda an ce kada a gaya wa kowa, kuma yaron bai ware matan aure ba.

Ana gab da Sallah aka yi sharar gida ta musamman, aka janye kwabar. Ina ofis ban san wainar da ake toyawa ba. Uwargida ta ga jar fata a ɗinke, a rataye, a bayan kayanta, a ɗakin da take kwana, ta kira yayarta, yayar ta zo da reza. Suka farke, suka ga rubutun hannuna, kalmomi goma sha biyu a jere waɗanda ba su haɗa jimla ba. Aka kira 'yata ta aji biyu a sakandare ta karanta, kuma cikin ƙaddara jerin nawa ya ƙunshi kalmar aure, da ta sirri, da watan Disamba. Yayar ta ce ba sai an nemi malami ba, magana ta fito: an yi wa ƙanwarta asirin rufe baki, kuma amarya na tafe ƙarshen shekara. Don a samu shaidu, ta ɗauki takardar hoto mai kyau, babu ko inuwa, ta tura zauren WhatsApp na matan dangi, wanda ke da mutum fiye da sittin, daga Rigasa har Jidda, ta rubuta a ƙasa cewa duk wadda ta san makarin wannan ta taimaka.

Allah ya sa yayata tana cikin zauren, kuma ta miƙa wa ɗanta wayar tana salati, tana cewa ya zo ya ga abin da kawunsa ya zama. Yaron ya ce da ya ga hoton sai da gumi ya karyo masa. Ya yi ta kirana, ni kuwa ina taron ofis wayata a kashe. Sai ya shigar da kalmomin a tasa wayar, walat ɗina ta buɗe masa ba tare da ta tambaye shi ko shi wane ne ba, ya buɗe wata sabuwa, ya yi niyyar kwashe kuɗin zuwa can kafin hoton ya faɗa hannun wani ɗan dangin da ya san abin. A nan ya tarar ba a motsa USDT a layin Tron sai da 'yan TRX, kirifton layin da ake biyan kuɗin aike da shi, ni kuwa ko ɗaya ban ajiye ba, sai da ya sayo da kuɗin aljihunsa ya zuba, sannan ya kwashe.

Ni dai da na kunna waya bayan la'asar, abin da na fara gani shi ne walat ɗina ta koma sifili, adadin da na riga na saba da shi tun zamanin kwamfuta. Abu na biyu kuma saƙon surukata ne, mai cewa in biyo ta Tudun Wada kafin in wuce gida.

Na iske falon Hajiya a cike, farkakkiyar fatar tana kan faranti a tsakiya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce, "Malam, me ka rasa a wurin 'yata?" Na fara bayani daga Janairun 2009, aka ce in taƙaita. Na ce kalmomin makullin kuɗi ne. Hajiya ta ce to ina kuɗin, na buɗe waya na nuna mata sifili, falon ya ɗauki salati. Ana cikin haka yaron ya iso a kan babur yana haki, ya buɗe sabuwar walat ɗin, ya nuna kuɗin, ya kuma shafe kusan rabin awa yana rantsuwa cewa na'ura ce ta zaɓi kalmomin, ba kawunsa ba. Maganar amarya ta mutu a nan, sai dai wata ta taso a madadinta, domin uwargida ta tuna cewa a satin da na sayi wannan abu ne na ce mata babu kuɗin canza buhun shinkafa.

Hajiya ta yanke hukunci cewa tunda kalmomin sababbi ma goma sha biyu ne, a raba su biyu, shida a hannuna, shida a hannun 'yarta, kuma a goge walat ɗin daga wayata. Yaron ya yi ƙoƙarin nuna cewa masana ba sa son wannan tsari, saboda idan rabi ɗaya ya ɓata duka sun ɓata, aka ce masa da manya ake magana. Ya karɓi kuɗin TRX ɗinsa a wurina, har da na man babur, sannan ya tunatar da ni a hankali cewa shi ma ya ga sababbin kalmomin, don haka a ƙa'ida sai mun sake buɗe wata walat ɗin, shawarar da Hajiya ta ce a bar ta sai bayan Sallah.

A makon jiya motata ta lalace a Kakuri, na je wurin uwargida da ladabi na nemi aron kalmominta shida don in biya bakanike. Ta ce in kawo rasit tukuna, kuma in zo da yaron ya zama shaida.