Deadwood da Bagega: inda zinariya ta riga hukuma zuwa

A nan Amurka, idan aka zauna hirar wasannin kaboyi na talabijin, da wuya a tashi ba a ambaci Deadwood ba. Tashar HBO ta nuna shi daga 2004 zuwa 2006, kashi 36, sannan a 2019 aka yi fim guda aka rufe labarin. Ba abin kallo da yara ko surukai ba ne, ashar ɗin cikinsa ya fi ƙarfin kunne. Amma duk wanda ya san labarin ramukan zinariya na Zamfara, in ya daure ya kalla, zai riƙa gyaɗa kai.

Deadwood, garin da wasan yake ba da labarinsa, na gaske ne, yana jihar Dakota ta Kudu. A 1868 gwamnatin Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar da ta bar wa ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, tsaunukan Black Hills. A 1874 rundunar sojan Amurka ƙarƙashin George Custer ta shiga wurin ta dawo da labarin zinariya, kafin 1876 dubban mutane sun kwararo sun kafa sansani a ƙasar da doka ta ce ba tasu ba ce. Saboda haka ba alƙali, ba ɗan sanda, ba takardar fili. A watan Agusta na 1876 wani mai suna Jack McCall ya harbe sanannen gwanin harbi Wild Bill Hickok ta baya yana cikin karta, ya kashe shi, masu haƙo suka haɗa kotunsu ta jeka-na-yi-ka suka sallami McCall. Sai daga baya aka sake shari'arsa a Yankton, babban birnin yankin a lokacin, aka rataye shi a 1877.

Abin da wasan ya fi ƙwarewa a kai shi ne nuna cewa rashin hukuma bai taɓa barin gari babu mai iko ba. Al Swearengen, mai mashaya da gidan karuwai, shi ne sarkin da ba a naɗa ba. Yana sa a yanka mutum da dare, gari na wayewa shi ne mai kiran taron manya a san yadda za a yi da cutar agana. Ba don tausayi ba, annoba tana korar masu sayen giya. Seth Bullock kuwa ya zo ne ya buɗe shagon kayan aiki, zafin ransa ya ja shi ya ɗauki aikin tsaron doka. Mugu mai lissafi da mai gaskiya mai saurin fushi, ba su ƙaunar juna, amma dole ta sa suka haɗa kai lokacin da attajirin ma'adinai George Hearst ya iso da jakar kuɗi da 'yan bindigar haya. Hearst na gaske ya sayi mahaƙar zinariya ta Homestake da ke kusa da garin a 1877, ba a daina haƙo a cikinta ba sai bayan shekara ɗari da ashirin da wani abu. Mai ƙaramin rami ya tashi daga mai kansa ya koma lebura.

Wannan ɓangaren ne yake tuna mini da gida. Matasanmu ne ke shiga rami a Anka da Bukkuyum, su ne ƙasa ke ruftawa da su, su ne suka kai duwatsu cikin gidaje ana daka, har gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, Bagega na cikin garuruwan da abin ya fi yi wa ɓarna. Mai cin riba ba ya kwana a bakin rami. Haka a Djado ta arewacin Nijar, inda aka yi tururuwa a 2014 kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017.

Sai dai ban yarda da masu cewa ai Amurka ma haka ta fara, mu yi haƙuri, lokaci ne. Zaman Deadwood babu doka bai kai ko'ina ba. A farkon 1877 majalisar Amurka ta ƙwace Black Hills, aka kafa gunduma, aka naɗa Bullock shugaban 'yan sandanta. Masu ramuka da kansu suka matsa hukuma ta zo, don rami mara takarda na mai babbar bindiga ne. Zamfara kuwa ba daji ba ce da aka shiga jiya. Tana da gwamna, da majalisa, da sarakuna, da kotuna, ga ma'aikatar ma'adinai a Abuja mai ba da lasisi. Da abin ya ta'azzara, dabarar da aka samu ita ce haramta haƙo a 2019, aka ɗage haramcin a ƙarshen 2024. A tsakanin nan talakan da ke tsoron doka ya janye, mai bindiga bai janye ba. Mutanen Deadwood suna jiran hukumar da ba ta iso ba tukuna, mutanen ƙauyukanmu suna kallon wadda ke nan amma ba ta kwana tare da su, shi ya sa 'yan sa-kai suka samu wurin zama.

Laifin da nake gani ga wasan shi ne yadda ya yi da masu ƙasar. Lakota ba su da baki a cikinsa, sai a ji ana zaginsu ko a ɗora musu kisan da Turawa suka yi. Dokar da ta kwantar wa Deadwood hankali ita ce ta halatta ƙwacen. A 1980 kotun ƙolin Amurka ta amince an zalunce su, ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, suka ce tsaunukansu suke so. Kuɗin na nan a asusun gwamnati, da riba ya haura dala biliyan ɗaya, har yanzu ba su taɓa shi ba.