Takarda ta ce sun ragu, iska ta ce ƙaruwa suka yi

A farkon shekarar 2020 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila da abokan aikinsu suka fitar da wani bincike da ya kamata ya hana masu mulki barci. Sin da Indiya, waɗanda ke kan gaba wajen fitar da HFC-23, wata iska mai ɗumama duniya da ke fitowa a matsayin shara wajen ƙera iskar na'urorin sanyaya, sun sanar cewa sun ɗauki matakin ƙona ta a masana'antu kafin ta fita. Da a ce matakan sun yi aiki yadda aka faɗa, da abin da duniya ke fitarwa ya ragu da kusan kashi 87 cikin ɗari tsakanin 2014 da 2017. Da aka je aka auna iskar sararin samaniya, sai aka tarar ƙaruwa ta yi, har a 2018 ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Wannan iska kuwa kilo ɗaya nata yana riƙe zafi kamar kilo 14,800 na iskar kabon a tsawon shekara ɗari.

HFC-23 ɗaya ce daga cikin dangin iskokin da ke ɗauke da sinadarin fulorin. Kusan dukkansu ɗan Adam ne ya ƙera su a masana'anta. Akwai HFC da ake ɗura wa firji da na'urar sanyaya ɗaki da ta mota. Akwai PFC da ke fitowa wajen narka alminiyam da haɗa ƙananan sassan kwamfuta. Akwai SF6 da ake cika akwatunan makunnin babbar wutar lantarki da ita, da NF3 ta masana'antun allon waya da talabijin. Idan aka haɗa su duka, kasonsu bai wuce kashi 2 cikin ɗari na iskokin da ke ɗumama duniya ba, shi ya sa ba kasafai ake jin sunansu a bakin 'yan siyasa ba. Ni dai wannan ƙaramin kaso bai kwantar mini da hankali ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi ƙiyasi a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, kuma kowace na'ura da iskarta a ciki.

Tushen lamarin gyara ne da ya haifi wata ɓarna. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da iskokin CFC saboda suna cinye rufin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Aka maye gurbinsu da HFC, waɗanda ba ruwansu da ozon, amma suna riƙe zafi ninkin-ba-ninkin. R-134a ta motoci ta ninka kabon sau 1,430, R-410A ta na'urorin ɗaki ta ninka shi fiye da sau dubu biyu. A watan Oktoban 2016 ƙasashe suka haɗu a Kigali, babban birnin Ruwanda, suka amince a rage su: ƙasashe masu arziki su yanke kashi 85 cikin ɗari kafin 2036, yawancin ƙasashe masu tasowa su tsayar da ƙari daga 2024 su kai ragin kashi 80 a 2045, su Indiya da Pakistan da ƙasashen yankin Gulf kuma su fara daga 2028. Masana sun ce idan aka cika wannan alƙawari za a iya kauce wa ƙarin zafin da ya kai rabin digiri a ƙarshen wannan ƙarni. Sin da Indiya sun shiga a 2021, Amurka ta biyo a 2022.

Yarjejeniya ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta. Rauninta yana wajen lissafi. Kowace ƙasa ita ke rubuta adadin da ta sarrafa, da wanda ta shigo da shi, da wanda ta fitar, ta aika wa sakatariyar da ke Nairobi. Ita kuma gwamnati daga bakin kamfanoni take samun alƙalumanta. Kamfanin da na'urarsa ta ƙona iska ta lalace na wata uku, ko ya kashe ta da gangan don rage kuɗin wuta, wa zai tilasta masa ya rubuta haka? Ba lallai ne a ce ƙarya ake shirgawa ba. Sau da yawa jami'in da ke cike takardar yana ninka adadin kayan da aka sarrafa da wani ƙiyasi da aka ba shi a littafi, ya samu lamba, ya sa hannu, alhali bai taɓa auna ko bututu ɗaya ba.

Gani ya kori ji, kuma labarin CFC-11 ya tabbatar da haka. An hana ƙera wannan iska a duniya baki ɗaya tun 2010. A 2018 masanan NOAA, hukumar Amurka mai nazarin teku da sararin samaniya, suka lura cewa raguwarta a sararin samaniya ta yi sanyi tun bayan 2012, alamar wani yana ƙera ta a ɓoye. Babu rahoton ƙasa ko ɗaya da ya nuna haka. Shekara ɗaya bayan nan, tashoshin auna iska na Gosan a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu da Hateruma a Japan suka nuna cewa kusan tan 7,000 na ƙarin a kowace shekara daga gabashin Sin yake fitowa, musamman lardunan Shandong da Hebei, inda ake amfani da ita wajen yin soson rufe gini. Hukumomin Sin suka kai samame, suka rushe wuraren da ake ƙera ta ba bisa ƙa'ida ba. Zuwa 2019 awo ya nuna fitarta ya sauko sosai.

Sai dai wannan nasara akwai sa'a a cikinta. An gano gabashin Sin ne don iska na kaɗowa daga can ta bi ta kan tashoshin da suke da na'urar da ta dace. Sauran ƙarin CFC-11 ɗin ba a iya nuna wurin fitowarsa ba. Tashoshin da ke yin irin wannan awo mai tsanani kaɗan ne: Mace Head a Ireland, Jungfraujoch a tsaunukan Suwizalan, Cape Grim a Tasmaniya, da wasu 'yan tsiraru. Kudancin Asiya, Gabas ta Tsakiya, mafi yawan Afirka da Kudancin Amurka kusan a makance ake game da su, kuma nan ne buƙatar sanyi ta fi saurin hauhawa.

Na san abin da wasu za su ce. Ƙasashe masu tasowa suna da dalilin yin ɗari-ɗari da duk wani tsarin sa ido, domin sun saba ganin ana amfani da alƙaluma a ɗora musu laifin da wasu suka fi su aikatawa. Sanyaya abinci da allurar rigakafi da ɗakin marar lafiya ba alatu ba ne, kuma bai dace a ce wa talaka ya haƙura da zafi saboda ɓarnar da mai arziki ya riga ya yi ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma na'urar awo ba ta san tutar kowa ba. A 2011 masanan cibiyar Empa ta Suwizalan sun auna HFC-23 a Yammacin Turai, suka ga abin da ke fita ya kai kusan ninki biyu na abin da ƙasashen suka rubuta, Italiya ce kuma ta fi kowa giɓi. Ƙasar da take da tasharta da masananta tana iya kare kanta da hujja idan an yi mata ƙazafi, tana kuma iya kama kamfanin waje da ke ɓarna a cikinta. Wadda ba ta da su sai dai ta karɓi abin da aka faɗa a kanta.

Kuɗi ma idan ba a bi sawunsa ba yana iya juyewa ya zama guba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Kyoto ta sauyin yanayi an riƙa biyan masana'antu ladan ƙona HFC-23, ladan ya yi tsoka har aka zargi wasu da ƙara sarrafa kayan da ke haifar da ita don kawai su samu abin ƙonawa. Tarayyar Turai ta daina karɓar irin waɗannan takardun lada a 2013.

SF6 kuwa ba ta ma cikin yarjejeniyar Kigali. Ta ninka kabon fiye da sau 22,000, kuma idan ta fita za ta zauna a sama sama da shekara dubu. Abin takaici, faɗaɗa layukan wuta don ɗaukar lantarkin rana da na iska yana ƙara yawan akwatunan da ake cikawa da ita. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta fara rufe ƙofa ga sababbin na'urori masu amfani da ita, ta kuma sa 2050 a matsayin ƙarshen HFC a kasuwarta. Sauran duniya ba ta da wani wa'adi na bai-ɗaya a kan SF6.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya shiga zauren taro, wato hannun mai gyara. Iskar da ke cikin tsohuwar na'ura an riga an ƙirga ta a matsayin wadda aka sayar, amma ba ta yi ɓarna ba sai ranar da ta tsiyaye ko aka huda bututun aka sake ta. Mai gyaran da ba shi da injin zuƙe iska, ba shi da tukunyar adana ta, ba kuma wanda zai saye ta daga hannunsa, sakinta zai yi, kuma ba na ganin laifinsa. Madadin yana nan: R-600a ta riga ta mamaye firjin gida a ƙasashe da yawa, R-290 kuma ƙarfinta na riƙe zafi bai wuce ninki uku na kabon ba. Amma dukkansu suna kama wuta, don haka horo ya zama dole kafin a ce kowa ya koma kansu. Inda kuma aka matsa ƙa'ida ba tare da tsaron iyaka ba, fasa-ƙwauri ke cike gurbin, kamar yadda Turai ta gani tun 2018 lokacin da farashin HFC ya yi tashin gwauron zabi.

A taron ƙasashen yarjejeniyar Montreal da aka yi a Nairobi a 2023 an amince a zuba dala miliyan 965 a asusun da ke tallafa wa ƙasashe masu tasowa na shekarun 2024 zuwa 2026, adadi mafi girma a tarihin asusun a lokacin. A ganina ya kamata wakilan ƙasashe masu tasowa su da kansu su nemi a ware wani kaso na irin wannan kuɗi don kafa tashoshin awo a yankunan da babu, a hannun jami'o'in yankunan, tare da sharaɗin a riƙa wallafa sakamakon kowa ya gani. Wani kason kuma ya tafi ga injinan zuƙe iska da horar da masu gyara, da biyan su a kan kowane kilo da suka dawo da shi.